Bishiyar Lemo a Fuloti na Sittin da Takwas

Shekara ashirin da huɗu Delbert Koontz ya yi yana tsayawa a ƙofar zangon Cholla Bend kowace Asabar ta farko ta watan Disamba, allon rubutu a hannun hagu, fensir a bayan kunne. Ranar Taya ke nan. A ranar, kowace motar gida da ke zangon, irin waɗanda ake zama a cikinsu kamar ɗaki, sai ta tashi da ƙarfinta, ta fita ƙofa, ta kewaye tankin ruwa da ke bakin titi, ta dawo, Delbert ya sa alama gaban sunan mai ita. Wadda ta kasa, a ba mai ita kwana goma sha huɗu ya gyara. In bai gyara ba, ya mayar wa ƙungiyar zangon fulotinta, a ba na farko a jerin masu jira. Doka ta tara ce, kuma shi ya rubuta ta da hannunsa.

An haife shi a jihar Nebraska a 1941. Aikin layin dogo ya yi, shi ke awon tazarar ƙarafa, shekara talatin da ɗaya, kuma har ya tsufa ba ya kafa ƙusa a bango sai ya auna. Da ya yi ritaya, shi da matarsa Lorene suka sayar da gida, suka sayi motar gida mai tsawon ƙafa talatin da huɗu, suka kama hanya. A 1998 suka haɗu da waɗansu iyalai sittin da bakwai irinsu, suka sayi tsohuwar gonar auduga gabas da garin Yuma. Su suka haƙa wa bututun ruwa rami da hannunsu, su suka gina zauren taro, bulo bayan bulo. Mutanen wancan zamani ba su san a jira wani ya zo ya yi ba. Da aka zauna rubuta dokoki, Delbert ya tashi ya ce su matafiya ne, ranar da taya ta daina juyawa, zangon ya zama gidan jiran mutuwa. Aka tafa masa, aka ba shi allon.

Ba a taɓa jin ya ɗaga wa kowa ƙafa ba. Ko Arlis Tackett, abokinsa da suka yi shekara ashirin suna kamun kifi tare, bai tsira ba. A 2019 giyar motar Arlis ta lalace, kayan gyara suka makara a hanya. Rana ta goma sha biyar Delbert ya je da kansa ya karɓi makullin fuloti na arba'in da ɗaya. Arlis ya ce masa, "Del, kwana uku kawai. Kayan suna hanya." Delbert ya ce, "Ba ni na ƙi ba, doka ce." Arlis ya sayar wa masu gwangwan, 'yan sayen tsofaffin ƙarafa, motar, ya koma ɗakin baya na gidan 'yarsa a garin Mesa. An yi gunaguni mako biyu, aka ce ai Del ko mahaifiyarsa ce haka zai yi, magana ta mutu.

Lorene tana da ɗan itacen lemon tsami a cikin rabin ganga, ta yi yawo da shi jiha goma sha tara. Ta rasu a watan Maris na 2013. Kamar yadda ta bar wasiyya, aka ƙona gawar, aka kawo wa Delbert tokar a ƙaramin akwati. Washegari ya haƙa rami a fulotinsu, na sittin da takwas, wanda ke ƙarshen layi jikin katanga, ya sa akwatin, ya fasa gangar, ya dasa itacen a kai. Ya zaɓi daidai inda za a hango shi ta gilashin gaba in an zauna a kujerarta.

Itacen ya sami ƙasa, ya bunƙasa. Duk zangon ya sha lemonsa. Nadine Fulkerson, shugabar kwamiti, da shi take kek ɗin da ake yanka kowace Alhamis bayan taro. Delbert kan cika bokiti ya ajiye a bakin hanya, kowa ya ɗiba.

Ranar Juma'a, jajibirin Ranar Taya ta 2022, Nadine ta zo ɗibar lemo tare da Marisela Ochoa, wadda ta gaji fulotin Arlis. Marisela ta yi shekara ashirin da shida tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta, idonta ya saba da auna kwana tun daga nesa. Delbert yana kan tsani yana tsinka. Marisela ta tsaya da bokiti, ta dubi itacen, ta dubi hancin motarsa, ta leƙa baya ta ga katanga, ta dubi ɗakin ajiya na siminti a hagu da shingen maƙwabci a dama.

"Mista Koontz, don Allah ka koya mini dabarar nan. Ta ina kake fitar da ita?"

Da zuciya ɗaya ta yi tambayar, tana murmushi.

Nadine ta yi dariya. "Ke, Del kike tambaya? Mutumin da ke..." Ba ta ƙarasa ba. Ita ma ta dubi itacen. Kaurin gindinsa ya kai cinyar ƙato, yana tsaye ƙafa uku daga ƙarfen gaban motar, a tsakiya sak. Ta dubi tayoyin. Ciyawa ta fito kewaye da su, ta bushe, wata ta sake fitowa a kai. Lemon da ke hannunta ya faɗi, ya mirgina ƙarƙashin motar.

"Del. Yaushe rabon motar nan da ƙofa?"

Delbert ya sauko daga tsanin a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe da sanin wannan rana za ta zo, har ya tsara amsa a ransa ya fi sau ɗari. Da ta zo, kwanan wata kawai ya iya faɗa.

"Ɗaya ga Disamba, 2012."

Nadine ta dafe ƙirji. "Shekara goma? To, alamar da ke gaban sunanka fa?"

"Ni nake sa wa."

Kafin rana ta karkata labari ya zaga layi shida. Mutane suka yi ta zuwa, wasu da sanda, wasu a 'yar motar lantarki, su tsaya bakin fulotin baki buɗe. Abin da ya fi gigita su ba ƙaryar ba ce. Kowannensu ya tsaya a gindin itacen nan ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, ya jingina da motar, ya yi hira, bai gani ba. Da can Lorene ce ke tuƙa tasu ranar Taya, shi yana ƙofa da allo. Da ta rasu, ba wanda ya tambayi wa ke tuƙawa. A ranar kowa ta injinsa yake yi, kuma wa zai duba mai duba?

Aka yi Ranar Taya Nadine na riƙe da allon. Mota sittin da bakwai suka fita suka dawo. Da ƙarfe biyu aka taru a zauren taro, har da waɗanda ba su taɓa zuwa ba sai ranar da ake rabon abinci. Ba wanda ya taɓa kofi. Delbert ya zauna a layin gaba, hularsa a gwiwa.

Hoyt Bascom, tsohon direban tanka mai bakin tsiya, shi ya fara. "Sarkin ƙofa! Ashe mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Ni ɗin nan ka sa na kwana biyu a ƙarƙashin mota saboda fitilar baya ɗaya. Fitila ɗaya, Del! Bayana har yau bai miƙe ba."

"Hoyt, sai an ba ka dama," in ji Nadine.

"Na ba kaina, Shugaba. Ina da tambaya guda. Arlis fa?"

Delbert ya miƙe.

"Ban auna ba," ya ce. "Ranar da na dasa shi ban auna ba. Sai da Disamba ta zo na shiga na kunna inji, na ɗaga kai, na gan shi a gabana. Lokacin ɗan tsiro ne, da na cire shi da hannu ɗaya. Na kashe injin. Na ce baɗi." Ya juya hular. "Tana ƙarƙashinsa. Lorene."

Wannan ma ba wanda ya sani. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Ya Ubangiji, kek ɗin!" ta toshe baki da hannu biyu. Nadine, wadda ta yi shekara tara tana toyawa, ta nemi kujera ta zauna.

Aka yi ta kawo shawara. Wani ya ce a tono itacen a matsar da shi. Waɗanda suka san lemo suka ce mai wannan girma in aka taɓa saiwarsa ya mutu, kuma saiwar ta riga ta naɗe akwatin. Wani ya ce a rusa katanga a fita ta baya, aka tuna masa kwari ne a bayan. Marisela, wadda tun jiya ba ta iya haɗa ido da kowa, ta ɗaga hannu ta ce a gyara doka ta tara, a keɓe waɗanda suka kafa zangon. Nan da nan aka goyi baya. Har Hoyt ya ce, "To, a yi a wuce wurin, ni yunwa nake ji." Nadine ta ce a ɗaga hannu.

"Shugaba, ba a kan ƙa'ida kike ba," in ji Delbert.

"Del, zauna."

"Gyaran doka sai da sanarwar kwana talatin a kan allon zaure. Doka ta ashirin da biyu. Ni kuma kwana goma sha huɗu gare ni, daga yau."

"Kai, cetonka muke yi, tsohon banza!" Hoyt ya daka masa tsawa.

"Na sani. Arlis kwana uku ya roƙa."

Hannuwan da suka fara tashi suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Nadine ta rufe taro ba tare da ƙuri'a ba. A hanyar fita ta tare shi. "Ka san ko ka bar fulotin, a fili za ka mayar da shi. Motar sai ta fita ko ta yaya. Itacen nan ya tafi, Del, ko ka zauna ko ka tashi."

"Na auna," ya ce. "Wannan karon na auna."

Ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe aka ji kukan zarton lantarki daga ƙarshen layi. Nadine ta zaci itacen yake yankewa, ta bar shayinta ta ruga, ta ce ko reshe ɗaya ta samu ta dasa. Da ta sha kwana sai ta ja ta tsaya. Itacen na nan, ko ganye bai faɗi ba. Delbert yana kan tsani, ya kafa zarto a rufin motarsa. Ya fitar da katifa da tukwane da hotuna ya jera a tabarma, ya ja layuka da alli a jikin motar daga sama har ƙasa, ƙafa huɗu huɗu.

"Del! Gidanka ne! Ka haukace?"

Ya kashe zarton. "Tsakanin itacen da ɗakin ajiya ƙafa bakwai ne da inci biyu. Faɗin motar ƙafa takwas da rabi. Ba za ta wuce a haɗe ba, to za ta wuce a yanke."

Mutane suka taru. Motar nan ce ta kai shi da Lorene har Alaska. A jikin ƙofarta Lorene ta manna taswira, kowace jiha da suka kwana ta shafa mata launi, kuma layin allin ya ratsa ta tsakiyarta. Hoyt ya tsaya yana kallo, ya yi tsaki, ya tafi. Can sai ga shi ya dawo da tabarau da nasa zarton. "Sauko, kafin ka yanke ƙafarka mu shiga uku. Riƙe mini tsani, Sarkin ƙofa."

Kwana tara aka yi. Maza suna yanka, Marisela tana jigilar gutsattsarin da akori-kura zuwa wurin masu gwangwan. Injin sai da aka kafa ƙarfe uku aka ɗaga shi da sarƙa. Delbert bai riƙe komai ba sai kujerar Lorene, ya ajiye ta a gindin itacen. Rana ta goma sha biyu ya sayo wata tsohuwar ƙaramar mota mai gado ɗaya da murhu ɗaya, faɗinta ƙafa shida da inci takwas. In ya miƙe a ciki kansa na bugun rufi.

Rana ta goma sha huɗu ya miƙa wa Marisela fensirin, ya ce daga yau ita ce a ƙofa. Ya shiga motar, ya ratsa tsakanin itace da bango, inci uku ta kowane gefe. Ya fita ƙofa, ya kewaye tanki, ya dawo. Marisela ta sa alama. Aka fara tafi, bai tsaya ji ba. Ya juya, ya sake fita, bokitin lemo a kujerar gefe, ya kama hanyar Mesa.

Da ya dawo da yamma Hoyt ne kaɗai ya iya tambayarsa yadda aka yi. Delbert ya ce Arlis ya buɗe ƙofa, ya saurare shi daga farko har ƙarshe a tsaye, bai ce ya shigo ba.

"Me ya ce?"

"Ya ce, 'Da kwana uku ka ba ni, da ban san kai maƙaryaci ba ne.'"

"Lemon fa?"

"Ya karɓa. Ya ce in dawo da kaina in ɗauki bokitin."

Yanzu Delbert yana da shekara tamanin da uku. Ba ya magana a taro. Kowace Talata ta biyu ta wata yakan cika bokiti ya tafi Mesa, ya dawo da wanda ya bari. Har yau a bakin ƙofa suke yin hirar, shi da Arlis.