Basilia, Idon Mijinta

Duk wanda ya taɓa tsallaka filin gishirin Uyuni a motar Saturnino Calcina, ba direban yake tunawa ba, matar da ke zaune a gefensa da tukunya a kan cinya yake tunawa. Basilia ke nan, gajera mai kitso biyu har ƙugu, bakinta kuwa ba ya hutawa. A Colchani aka haife ta, a bakin gishirin, kuma tun tana ƙarama take ɗura shi a leda tana liƙe bakin ledar da wuta. Har yau yatsunta a tsattsage suke.

Da Turawa masu goyon jaka suka fara tururuwa, sai Saturnino ya ajiye sheburin haƙar gishiri ya sayi tsohuwar jif, ita kuma ta zama mai girki. Kwana uku ake yi a hanya, a keta gishiri, a hau hamadar kan tudu inda iska ba ta isar huhu, ita tana baya-baya tana soya naman lama, ɗan raƙuminsu mara tozo, da dankali a gindin dutse. Shekara ashirin suna haka. Sauran direbobi Rediyo suke kiranta, suna cewa Saturnino ne kaɗai bai taɓa sayen batir ba.

Abin da ba su sani ba shi ne, shekara biyu ke nan surutun nan ya zama aiki. Hasken gishiri ya ci idon Saturnino, yana ta rufe shi. A kan gishiri kuwa babu hanya, dutse direba ke saitawa daga nesa ya miƙe. To, Basilia ce ke ganin dutsen.

"Tsoho, dutsen Tunupa ya dawo kafaɗata, karkata dama kaɗan. Ya isa haka. Kai dai ba ka jin magana!"

Da harshensu na Kecuwa take faɗa, cikin muryar mita, fasinja su ɗauka faɗan mata da miji ne su yi ta murmushi. In ta dafa gwiwarsa, birki ke nan. Ba su taɓa zama sun tsara wannan ba, kuma bai taɓa furta cewa ba ya gani ba. Zancen asibitin Potosí sau ɗaya ta yi masa, ya ce ranar da aka ga direba a layin likitan ido, ranar masu haɗa fasinja za su manta sunansa. Ta bar zancen, don ita ma da motar take ci. Amma tsoro take ji, tsoro sosai. Kullum 'ya'yan mutane shida ne a bayanta, suna barci suna waƙa, ba su san a kan bakinta rayukansu ke tafiya ba.

A rana ta biyu ta wata tafiya suka iso mashigar kan tudu, inda tsohon tarin duwatsu yake. Babu direban da ke wuce wurin bai tsaya ba. Ka cire hula, ka ɗora dutsenka, ka ajiye ganyen koka da ake taunawa a can, ka ɗiga wa Uwar Ƙasa giya, sannan ka gangara. Uban Saturnino ya ɗora nasa a nan tun zamanin da ake fataucin gishiri da lama. Sai dai yanzu masu yawo sun cika gefen wurin da 'yan hasumiyoyin duwatsu, don hoto kawai.

Kullum Basilia kan sauka ta yi gaba tana mita, shi ya bi muryarta. Ranar kuwa ciwon hawa tudu ya kama wani fasinja, yana ta amai, ta tsaya haɗa masa shayin koka. Tana ɗago kai sai ta hango shi. Ga Saturnino can durƙushe, hula a hannu, a gaban wata 'yar hasumiya da wata yarinya cikin fasinjansu ta gama jerawa yanzun nan. Yarinyar tana gefe tana ɗaukarsa hoto, daɗi kamar ya kashe ta.

Motoci uku ne a tsaye a wurin. Evaristo, wani direba mai baki, ya ƙwala daga nesa: "Baba Saturnino, sabon wurin ibada aka buɗe ba ka gaya mana ba?"

Aka kwashe da dariya. Saturnino ya ɗora dutsensa, hasumiyar ta zube. Ya shiga lalube da hannu, yana neman tarin da ya fi shi tsawo, hannunsa na kamo iska.

Basilia ta san abin da za ta ce. Kalma biyu sun isa: wasa yake yi wa Turawa. Za a yi dariya a wuce, gobe ma a ba su fasinja. Maganar har ta zo mata baki. Sai ta dubi hanyar da ke gangarawa tana murɗewa a gefen kwazazzabo, ta dubi yarinyar nan mai hoto, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarta ba. Ta ajiye kofin shayin, ta taka a gaban kowa, ta kama gwiwar hannunsa kamar yadda ake kama makaho.

"Tsoho, ba nan ba ne. Tashi in kai ka."

Dariyar ta ɗauke. Evaristo ya sunkuyar da kai, ya cire hularsa. Basilia ta ja mijinta har gaban tsohon tarin, ta aza tafinsa a kan duwatsun. Ya daɗe a durƙushe yana motsa baki, iska na kaɗa farin gashinsa. Da ya miƙe, bai juyo ba ya ce, "Kin kashe min aiki, Basilia."

"Na sani," ta ce, hawaye na zubo mata. "Nawa ma na kashe."

Ƙanin Evaristo ne, wanda shi ma direba ne, ya karɓi makullin ya gangara da su. Basilia da Saturnino suka matsu a kujerar gaba, tukunya a ƙafarsu. Ba a yi nisa ba bakinta ya suɓuce: "Rami a hagu..." Sai ta tuna, ta kama bakinta.

Aka yi tafiya mai tsawo. Can Saturnino ya lalubo hannunta.

"Kar ki yi shiru, tsohuwa, ba zan iya ba. Bar zancen hanya. Gaya min abin da mutanen nan ke tasowa daga ƙarshen duniya su zo gani."

Basilia ta leƙa ta taga. Jan tafki ne a ƙasa, tsuntsaye masu dogayen ƙafafu sun cika shi, duwatsu masu farin kai sun kewaye shi. Ta wuce nan ba adadi, da ido a kan tukunya ko a kan rami. 

"Tsaya tukuna," ta ce. "Bari ni ma in gani."