Kafaɗar hagu ta rigar Kaka

Baba ya rasu ya bar rigar Kaka ba a gama ba. Aikin surfani yake yi a Djougou, kuma a kwamfuta yake zana adon riga kafin ya ɗinka. Ya gama kafaɗar dama, ta hagu tana nan fara fat. Inna ta ce tana so Kaka ya sa rigar ranar sadakar arba'in. Wani tela, abokin Baba, ya yarda zai ƙarasa da hannu idan ya ga zanen.

Kwamfutar Baba ta daina tashi tun kafin ya kwanta ciwo. Abin da ya rage shi ne 'yar kile, abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ɗaure da koren zare. Inna ta ƙulla ta a bakin mayafina ranar da zan koma makaranta a Parakou, inda nake zaune wurin Gwaggo a unguwar Guéma, ko a makaranta za a iya fito da zanen.

Kwana uku na kasa yi wa madam mai koya mana kwamfuta magana. Ran na huɗu na ajiye kilen a teburinta, na tsaya. Ta duba, ta ce zanen yana ciki, har da manhajar da ke buɗe shi. Sai dai an yi manhajar ne don tsarin kwamfutar Baba, namu na makaranta kuwa ɗan'uwansa ne kawai. Ta ce kamar Dandanci da Zabarmanci, suna jin juna amma ba duka ba.

Ta yi ta rubutu a wani baƙin allo. Manhajar ta ƙi tashi, ta ce wani abu ya ɓace. Madam ta nemo, ta sa, manhajar ta sake neman wani. Ni ina kallon ƙuda a kan waya.

Da ta buɗe, launuka duk sun koma toka-toka. Ba ta bugawa a takarda, kuma bayan 'yan mintoci sai ta rufe kanta. Na ga zanen Baba. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba.

"Ma fille, 'yata, iyakarta ke nan," in ji madam. "Kina da fensir?"

Na ɗora siririyar takarda a fuskar kwamfutar, ina bin layi. Gilashin da ɗumi. In ta rufe, madam ta buɗe, in nemi inda na tsaya. Sau ɗaya ta rufe ina tsakiyar wata lanƙwasa, fensirin ya zame, ya bar 'yar ƙugiya. Ban goge ba, ban san dalili ba.

Ran Juma'a na ba direba takardar a tasha, ya kai wa telan a Djougou.

Ranar sadaka Kaka ya zauna kan tabarma cikin rigar, mutane suna yaba hannun marigayi. Da na kawo ruwa na durƙusa, na dubi kafaɗar hagu. Telan ya ɗinka ƙugiyar daidai yadda take, da zare mai kyau.

Kaka ya ce in ajiye kwanon, hannuna zai gaji. Na ajiye.