Tokar Nadine

Gyaran famfo Orval Tidwell yake yi a garinmu Pellam tun ina budurwa, kuma ban taɓa jin an yabe shi da komai ba sai da auren Nadine. Ita ce bakin gidan. Duk Asabar ɗin kaka suna kan kujerunsu a filin ƙwallon jami'armu, ita tana zagin alƙalin wasa, shi yana riƙe mata jaka.

Nadine ta tsani jami'ar Birni, abokan gabarmu tun kaka da kakanni, tsanar da ta wuce hankali. In an je wasa can, da ruwanta da burodinta take tafiya. Ko mai ba ta yarda Orval ya sha wa mota a garinsu.

Da ciwon daji ya ci ƙarfinta, a gabana ta bar wasiyya. "Ka sa a ƙona ni, Orval. Ranar da muka doke 'yan Birni a gida, ka watsa tokata a tsakiyar fili. Ba kafin nan ba, ka ji ko? Na san ka da gaggawar banza."

Bai yi gaggawa ba. Shekara da shekaru 'yan Birni suna zuwa su yi mana dukan kawo wuƙa su koma, shi kuwa yana zaune da ɗan tulun tokar cikin jakarta, a kan kujerarta. In an tashi ya shigo gidan abincina, samari su sa shi gaba. "Baba Orval, yau ma da uwargida aka zo? A zuba mata kofi mana." Sai ya yi murmushi ya gyara wa jakar zama. Haushi yake ba ni, don mutum bai kamata ya yi haƙuri har haka ba.

Sai ga labari a talabijin: jami'ar Birni za ta bar rukunin gasarmu ta koma rukunin manya, inda gidajen talabijin ke zuba kuɗi. Wasa ɗaya ya rage tsakaninmu, a filinmu, daga shi an rufe. Mu da wasan nan muke cika fili, da shi ake ganinmu a talabijin. Tun kafin su tafi jami'armu ta fara tsuke bakin aljihu. Aka rushe ƙungiyar ninƙaya, aka sallami masu kula da fili in ban da Dewey Pruitt. Ciyawar ma aka ɗaye ta aka shimfiɗa ta roba, wadda ba ta shan ruwa, ba ta son yanka.

Na ce masa, "Orval, roba ce fa yanzu."

Ya ce, "Ƙasa na nan a ƙarƙashi, Jolene. Ruwan sama zai kai ta."

Ranar wasan ƙarshe kuwa, sai muka ci su. Har yau ban san yadda aka yi ba. Ɗalibai suka tsallake shinge suka cika fili kamar yadda aka saba in an ci babban wasa, sai ga tsoho a tsakiyarsu, rungume da jaka, yana gudun da gwiwarsa ta manta. Ya durƙusa a tsakiyar fili ya juye tulun, ya bi da tafin hannu yana shafawa. Daga nesa na hango shi yana kuka yana dariya. Ni ma na yi ƙwalla, ban ɓoye ba.

Ba a yi ruwa ba. Ranar Litinin da hantsi Dewey ya hau injin shara mai zuƙe datti, ya bi filin nan kaf, don a ranar Laraba an ba da hayarsa ga masu baje kolin motoci. Abin da injin ya zuƙa, ɓawon gyaɗa da guntun takardu da sauransu, ya juye a kwandon shara na bayan fili.

Kafin mako ya zagayo duk gari ya san tokar ta bi shara, ban da Orval. Ya ci gaba da zuwa wasanninmu da ƙananan makarantun da ba wanda ya san sunansu, fili fayau, yana kallon tsakiya yana magana ƙasa-ƙasa. Mutane su taɓa juna su ƙunshe dariya. Garin da aka wulaƙanta ya samu wanda ya fi shi wulaƙanta, ai ba zai sake shi da wuri ba.

Dewey ne ya fasa ƙwan. Ranar aka ce masa shi ma aikinsa ya ƙare, an ba wani kamfani kwangilar shara. Ya shigo wurina ransa a ɓace, ya tarar da Orval yana ba wani baƙo labarin inda matarsa take kwance.

"Kai tsoho, ka ishe mu. Ba ta nan. Ni na share ta da kaina."

Na ce, "Dewey, rufe mana baki."

"In rufe don me? Kowa ya sani. Har Jolene ɗin."

Orval bai dube ni ba. Ya ajiye cokali a hankali, ya goge bakinsa. Na zaci zai tashi ya shaƙe shi, har na so ya yi. Sai ya ce, "To ɗana, motar shara ina take kai kaya?"

Dewey ya kau da kai. Wani daga bayan ɗaki ne ya amsa wa Orval, don tun da aka rufe jujin garinmu kowa ya san inda ake kaiwa.

"Birni."

Orval yana raye. Ya sayar da kujerun nan biyu. Duk Asabar da safe motarsa takan wuce ta ƙofata ta hau hanyar Birni, ya je ya tsaya a bakin shingen juji har la'asar. Da ruwansa da burodinsa yake tafiya.