Yadda Kawu Ya Ci Aikin Fanka

Duk sanda fankar lantarkin ɗakina ta fara ƙiiƙii, sai in tuna shekarar da ayari ya daina sauka Zango, rumbunmu ya koma ɗakin ɓeraye.

Ana cikin bazara aka yi shela cewa kwamandan, Nasaran Faransa mai mulkin garin, yana neman mai ja masa fanka a biro, wato ofishinsa. Fankar lokacin tabarma ce rataye a rufi, mutum ya zauna bakin ƙofa yana jan igiya. Kada ka raina aikin, mai karatu. Har daga Hamdara da Takieta mutane suka zo.

Baba, wanda ya san hanyar Agadas kamar tafin hannunsa, ya ce da ilimi zai kayar da su. Kwana ashirin yana zuwa wurin wani tsohon soja koyon Faransanci. Ko tuwo Inna ta miƙa masa, sai ya ce, “Mersi, madam.” Ita kuwa ta ce, “Allah ya shirye ka, Malam.”

Ran zaɓe ya ari babbar riga, ya tafi da ni da Kawu, ƙanen Inna, wanda zazzaɓi ya toshe wa kunne tun yana yaro. Riƙon jaki kawai ya kai shi.

Layi har gindin tsamiya. Da aka zo kan Baba, ya ƙame ya zuba: “Bonjur, mushe kwamandan! Sa ba?” Nasara ya ɗago, ya yi magana da tafinta. Tafinta ya ce, “Wai kana jin Faransanci?”

“Kamar ruwa!”

“To, ka koma gida. Ba ya son mai sauraron zancen biro.”

Baba ya juya zai tafi. Nan jakinmu ya ɓarke da kuka, kowa ya zabura, ban da Kawu da ke kallon gajimare. Kwamandan ya sa gardi mai tsaron ƙofa ya buga tasa a bayan Kawu. Ko gezau. Aka miƙa masa igiya.

Baba ya ja jaki, muka koma gida. Inna ta tarbe shi: “Bonjur, Malam.” Shekara tara muna cin geron kurumtar Kawu.

Jiya jikana ya dawo daga neman aiki, takardun lakwal, wato na boko, cike da jaka, an ce ya jira. Na ce ya gwada yin kamar ba ya ji. Ya ce, “Me ka ce, Kaka?”

Na ce, “Yauwa. Ka kusa samu.”