Masoro a Cikin Randa

Yayana bafatake ne, kudu yake bi da ayarin goro. Wata shekara da ya dawo, ya zo gaishe ni a Bodinga, inda nake aure a gidan wani malamin allo. Bayan mun gaisa, ya kwance wani ƙunshin ganye mai laima, ya miƙo mini 'yan rassa masu saiwa a gaɓoɓinsu.

"Mi na wanga, Yaya?"

"Masoro na, uwar wanda kike sawa cikin kunu. Can kudu bisa itace shika hawa, cikin inuwa. Ba shi yi ƙasarmu, na dai kawo miki ki gani."

Ni kuwa a gidan nan ni ke yin kunun zaƙi, kuma kunun da babu masoro ban ɗauke shi kunu ba. Sau da yawa yakan yanke a kasuwa, sai an jira fatake. Na ce a raina sai ya yi.

Na fara dasa rassan a bayan ɗaki. Gara ta cinye wasu, zafin bazara ya ƙone wasu, saura ɗaya tak. Na tone shi, na ɗauko wata tsohuwar randa da ta tsage a gindi, na cika ta da yashi da ruɓaɓɓen takin awaki. Na ɗora ta bisa duwatsu a ƙarƙashin tsamiya, na zagaye ta da toka saboda gara, na kafa masa gora ya hau.

Ruwa ne ya zama rigima, don rijiyarmu da nisa. Surukata ta ce, "Ɗiyata, mutane ba su ƙoshi ba, ke kina shayar da haki?"

"Inna, ba ni taɓa ruwan sha."

Na roƙi maigidana Malam ya riƙa alwala a bisa kasko. Ya yi dariya, amma ya yarda. Da wannan ruwan na raine shi har ya kai ƙarshen gorar, ya soma laluben reshen tsamiya.

Ana nan mutanen Shagari suka nemi Malam ya koma can ya karantar. Ranar tashi Inna ta ce a bar randar, kaya sun yi wa takarkari yawa. Na sauke turmina na bar wa maƙwabta, na warware masoron daga jikin gora, na naɗe shi, na rufe da jiƙaƙƙen zane, aka ɗaure randar.

Mun wuce Dandin Mahe kaɗan takarkarin ya yi tuntuɓe, randar ta rabe biyu. Malam ya ce, "Ki yi haƙuri, haka Allah ya so." Na durƙusa na tattara ƙasar da ke riƙe da saiwar, na ƙulle a zanen, na aza a ka. Haka na shiga Shagari, laka na bin wuyana.

Wata maginiyar tukwane ta gina mini sabuwar randa mai faɗin baki da huda a gindi. Duk da haka ganyen ya zube kaf, ya koma kamar busasshiyar igiya. Na ci gaba da ba shi ruwa, har Inna ta gaji da magana. Da ruwan farko ya sauka, sai ga toho a wata gaɓa.

Ya sake hawa, ya rufe rumfar ƙofar ɗakina, amma shekara na bin shekara bai yi ɗa ko ɗaya ba. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Rannan wata tsohuwa Banufiya, maƙwabciyarmu, ta shigo ɗibar wuta, ta tsinki ganye ta murza ta shinshina.

"Ke 'yar nan, 'ya'ya kike jira? Mu can ganyen ma muna ci."

Washegari na niƙa ganyen tare da jiƙaƙƙen gero da citta, na dama, na bar shi ya kwana, na tace. Yajinsa bai kai na 'ya'yan ba, amma ƙamshin ya fi. Watan azumi ne, da shi aka sha ruwa a gidan. Inna ta shanye nata, ta miƙo ƙoƙon ta ce in ƙara mata.

Daga baya na yanki rassa na dasa a wasu tukwane, na rarraba wa matan unguwa. Yawanci sun mutu. Na Banufiyar ne kawai ya kama, har ya fi nawa yabanya.