Ranar da Aka Buɗe Cikin Kwamfutar Gwaggo Batula

Duk wanda ya taɓa sayen tikitin mota a ofishin Haj Usman da ke tashar Suk al-Shabi ya san yadda Gwaggo Batula take fara aiki. Za ta iso daga unguwar Alsawra, ta yaye tsohon mayafin da take lulluɓe kwamfutar da shi, ta danna maɓalli, ta ce mata, "Ki shirya a hankali, ina zuwa." Sai ta fice wurin Hawwa mai shayi. Ta sha kofi biyu, ta ji wa ya haihu, wa ya yi faɗa da wa, ta dawo. A lokacin ma kwamfutar ba ta gama buɗe ido ba!

Fasinja ya tsaya a taga yana huci, ita kuwa ko a jikinta. "Ya zol, bawan Allah, saurin me kake? Garin Madani yana nan inda ka bar shi."

Ni ɗan ƙaninta ne, gyaran kwamfuta ne sana'ata, amma shekara da shekaru ba ta yarda na taɓa wannan ba. Sai ranar da Haj Usman ya gaji. Mota biyu sun tashi rabi babu kowa saboda layi bai motsa ba. Ya ce a fitar da tsohuwar na'ura, a kawo sabuwa, a kawo mai iya aiki da ita. Gwaggo ta ji sarai abin da ake nufi da "mai iya aiki da ita". Kafin la'asar ta kira ni.

Na duba, na ce, "Gwaggo, lafiyarta ƙalau. Ram ne ya yi mata kaɗan. Zakira, wato ƙwaƙwalwar da take riƙe aiki da ita. A sa mata babba, kalas, an gama."

Ta dafe ƙirji. "Ƙwaƙwalwa za ka canza mata? Haruna, kana da hankali? Ta tashi gobe ba ta san ni ba, ba ta san direbobi ba?"

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce takardunta suna can wani wuri daban, kamar kaya a cikin akwati, ram kuwa tebur ne da ake baje su a kai. Tebur nake so in faɗaɗa mata.

"To ka ce tebur mana tun farko! Ku masu boko sai kun tsorata mutum."

Amma fa ta ce ita za ta sayo da kanta, wai ni 'yan kasuwa suna ganina suke ƙara farashi. Na rubuta mata irin wanda ake so a takarda. Washegari sai ga ta da fara'a, ta kwance bakin mayafi ta miƙo mini. Ina gani na san an yi ɓarna. Guntu ne, na kwamfutar hannu.

"Gwaggo, ina takardar da na ba ki?"

"Na nuna masa. Wancan tsada. Wannan kuma ram ne, na tambaya sau uku."

"Ai ba zai shiga ba, dubi tsawon ramin."

Ta leƙa, ta auna da yatsa, ta ce, "Ka tura da ƙarfi mana. Haka na sa maka takalmin yayanka har ka gama firamare."

Dole muka koma tare. Mai shagon yana hango ta ya ɗauko dogon ya ajiye a kan kanta, tun ba ta yi sallama ba.

Ranar aikin kuwa, wallahi sai ka ce tiyata za a yi wa uwar wani. Na cire waya daga wuta, na kwance murfin, na taɓa ƙarfen jikin don kada wutar jikina ta ƙona kayan. Ƙurar da ke ciki ta isa a shuka gyaɗa. Na buɗe 'yan maƙallan gefe biyu, na zare tsohon, na daidaita tsagar sabon na danna. Na kunna. Allo baƙi ƙirin, sai ƙara: tiit, tiit, tiit.

Gwaggo ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Ka kashe ta! Ga ta nan tana kakari!"

Ni na san bai zauna daidai ba ne. Na kashe, na sake dannawa har na ji ƙas a gefe biyu. Kafin ta gama salatin da ta fara, sunayen motocinta sun bayyana reras. Ta buɗe jerin motocin Gadarif, ta buɗe na Sinnar, komai yana nan. Na ɗauki tsohon ram zan jefa a kwandon shara, ta fizge. Ta cusa shi ƙarƙashin ƙafar fankar tebur da ta daɗe tana rawa. "A ofishina ba a korar ma'aikaci. Canjin aiki ake yi masa." Ta faɗa da ƙarfi, yadda Haj Usman zai ji daga ciki. Ya kuwa ji, bai sake tayar da maganar ba.

Kuna tsammani ta gode mini? Bayan kwana uku ta kira ni tana faɗa. "Me ka yi wa abin nan? Ina dannawa take tashi! Yanzu da wane dalili zan je wurin Hawwa?"

Ranar da muka yi rashinta, rumfar makoki a Alsawra ta cika da direbobi da masu lodi. Wani tsoho da ban sani ba ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce bai iya rubutu ba, kuma duk takardar da ya taɓa kai wa hukuma, da ta asibitin matarsa, ita ta buga masa bayan an tashi aiki. Na kusa da shi ya ce shi ma haka. Mu 'yan gida ba wanda ya taɓa jin wannan daga bakinta.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Batula, Ya yafe mata, Ya yalwata mata makwanci, Ya haɗa mu da ita a Aljanna. Amin.