Ranar da Muttaka Ya Ari Idon Alhaji Chindo

Muttaka mai wayar mota, wanda garajinshi ke bakin kwalta nan Cadawa, ɗan wana ne. Ubanshi Gado ya rasu yaron na da shekara huɗu, ni na ɗauko shi daga Gangara na riƙe. Don haka in na ce na san shi, to na san shi.

Tun shina ƙarami na gane idonshi ba irin namu ba ne. Sai in aike shi garka tsinko tumatur, in ce jajaye kaɗai, shi ciko mini ƙwarya da ɗanye da nunanne. Na dake shi sau biyu, Allah shi yafe mini. Na ukku sai na aje mishi guda biyu a tabarma, na ce nuna mini ja. Ya duba, ya duba, sannan ya kai hannu ya latsa su. Nan na tabbata. Ja da tsanwa da ruwan ƙasa duk ɗaya suke gare shi. Shuɗi da ruwan ɗorawa kam shina gani sarai. Na ce mishi, kada ka faɗa ma kowa.

Sai ga shi duk sana'ar duniya, ta waya ya so. Ya bar lakol, wato makarantar boko, a aji biyar, ya tahi Maradi koyon aiki, shekara takwas. Ni kam na ce yau asiri zai tonu. Ashe motocin wancan zamani ba su da waya da yawa. Shina da wani ƙwan fitila mai wutsiya biyu, da shi shike taɓa waya, in ta kama ya san mai wuta ce. Saura kuma shi bi ta da yatsa tun daga kai har gindi. Mutane na cewa Muttaka bai yarda da ido ba, sai ya taɓa, shi ya sa aikinshi ba ya dawowa. Ni da matarshi Raliya sai mu yi shiru abinmu. Wa zai ba mai waya mota in ya ji bai san ja ba?

Haka ya yi shekara ashirin. Sai shekarar da soja sunka riƙe mulki, ana shirin zaɓe a maida ma farar hula, injin kamiyon Alhaji Chindo, babbar motarshi ta kaya, ya mutu. Chindo ɗan kasuwar wake ne, motar nan ita ke kwaso mishi buhuna daga ƙauyuka. Ya sawo wani inji na hannu, wanda anka taɓa aiki da shi, a Maradi, haɗe da bwat ɗinshi, wato akwatin giya, irin wanda ke canza giya da kanshi. Amma an yanko shi ne daga wata mota, ƙwaƙwalwar da ke ba shi umurni ba ta zo ba. Sai anka aiko mishi da wata daban, sabuwa, ɗan baƙin akwati kamar na ashana babba, da wayoyi sun fi ashirin, kowace da launinta. Makanikai sunka ɗora inji, sunka ce saura aikin Muttaka.

Ya zo gida da ɗan baƙin akwatin cikin buhu, ya zauna bai taɓa tuwo ba.

Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Gwaggo, wannan ba a taɓa shi da ƙwan fitila, ƙonewa shike. Takardarshi kuma da launi take magana. Malamin lakol ya fassara mini ita, ja nan, tsanwa can. In na haɗa ɗaya ba daidai ba, shi ke nan."

Raliya na saƙar faifai a gefe. Ta ce, "Miƙo nan, maigida." Ta ɗauko farin zare. Ja ta yi mata ƙulli ɗaya, tsanwa biyu, ruwan ƙasa ukku. Mai zane a jiki ta ƙara mata ƙulli can ƙasa. Kafin la'asar ta gama, shi kuma ya rufe ido shina shafawa shina faɗin sunansu, bai kuskure ko ɗaya ba. Ta ce, "To malam, ka ci tuwonka." Washegari ta tahi Gangara suna, ƙanwarta ta haihu.

Ni lokacin ina saida fura a gindin dogon yaro, gaban garajin. Ranar an cika wurin, maza sun kewaye rediyo ana gardamar 'yan takara. Chindo na kan benci da babbar rigar shadda, daga taron siyasa ya biyo.

Muttaka ya ɗaure akwatin ƙarƙashin sitiyari. Ya kai waya ga batir, ya kai wata ga jikin mota, ya kai ta totur wadda ke gaya ma akwatin yadda direba ya taka. Ina jin shi shina 'yar waƙarshi. Sannan ya shiga ƙarƙashin mota, sai waƙa ta tsaya.

Abin da munka manta, mu ukku duka, shi ne bwat ɗin ma da nashi guntayen wayoyi, waɗanda anka yanke. Suna can manne, ba a iya kai su gida, ba mai ƙulli ko ɗaya. Da su za a haɗa na akwatin.

Ya leƙo ya dube ni. Ni kuwa idona ya riga ya yi yana, ko fuskar mai sayen fura sai ya matso. Na kaɗa mishi kai.

Chindo ya ce, "Kai Muttaka, barci kake a can? Gobe kasuwa fa!"

Muttaka na iya cewa a bari sai Raliya ta dawo, amma matar aure ta shiga ƙarƙashin mota gaban jama'a, ai daidai yake da tona asirin. Shina iya cacar sa'a. Ya daɗe kwance. Sai ya fito, ya goge hannu, ya tsaya gaban bencin.

"Alhaji, tashi ka ara mini ido."

"Ido kuma?"

"Ban san ja da tsanwa ba. Tun haihuwa. Akwai waya shidda a can, kai za ka faɗa mini launinsu."

Wani ya rage rediyo. Chindo ya ce, "Shekara nawa kana yi mini aiki?"

"Sha ɗaya."

"Kana lalube?"

"Fitilarka ta taɓa mutuwa a hanya?"

Chindo ya ce, "Ba ta taɓa ba." Wani daga baya ya ce, "To ranar zaɓe wa zai nuna maka tutar jam'iyyarka?" Muttaka ya ce, "Ai da hoto, kuma naku ɗan takarar ko makaho ya san kunnuwanshi." Wuri ya ɗauki dariya.

Chindo ya tuɓe babbar riga ya ba ni riƙo. Mutum mai tumbi, da ƙyar ya shiga. Muttaka ya wanke wayoyin da esansi, wato fetur, shina ɗaga su ɗaya ɗaya.

"Wagga fa?"

"Ja. A'a tsaya, ƙara gogewa. Ruwan ƙasa ce."

"Alhaji, ka tabbata? Akwatinka ne."

"Ka ji ɗan banza, ni ma zai sa ni shakka! Ruwan ƙasa na ce."

Kowace ya faɗa, Muttaka shi ƙulla mata zare. Sannan ya haɗa su, ya narka dalma a kowace mahaɗa, ya naɗe. Anka tada mota. Ta ja a hankali ta hau kwalta wajen Agye, munka ji ta canza murya da kanta, sau ɗaya, sau biyu, sau ukku, har ta ɓace.

Maganar ta kai kasuwa kafin motar ta dawo. Mutum biyu sun ɗauke motocinsu sun kai Maradi, ɗaya har yau ba ya gaishe shi da kyau. Saura sunka tsaya. Chindo kuwa duk wanda ya sayi irin injin nan, shi ke rako shi wurin Muttaka da kanshi, shi ce mishi, "Ka zo da tsohuwar riga, don sai ka kwanta ƙasa."